Aƙidar 'Yan Ci Gaba ta Amurka da Makarantar John Dewey: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan darasi ne da ɗaliban kwalejojin horar da malamai ke yawan cin karo da shi, ana basu shi a layi biyar su haddace su juye a jarrabawa shikenan, kuma gaskiya abin yana damuna, don labarin da ke bayansa labarin mutane ne da suka sha wuya, wasu ma har ransu suka rasa. Ga tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu.

Wai mece ce aƙidar 'yan ci gaba ɗin nan?

Abu biyu ne masu suna ɗaya. Na farko yunƙurin gyaran al'umma ne da ya taso a Amurka daga wajajen 1890 zuwa 1920, masu yinsa ana ce musu furogiresib, wato 'yan ci gaba. Na biyu kuma hanya ce ta koyar da yara wadda ta fito daga cikin wancan yunƙurin, sunan da ya fi fita a cikinta shine John Dewey. Abinda ya haɗa su shine imanin cewa talauci da cuta da cin hanci da jahilci ba abubuwa bane da za a naɗe hannu ana kallo, ana iya zuwa a bincika, a ƙirga, a gano daga ina matsalar ta taso, a gwada magani, in bai yi ba a canza wani. Kuma suna ganin gwamnati tana da hakkin shiga tsakani idan mai ƙarfi yana danne mara ƙarfi, ba wai ta koma gefe ta ce kasuwa zata gyara kanta ba.

Me ya faru a Amurka har aka kai ga haka?

Arziki ne ya zo da gudu, ya zo da ɓarnarsa. Bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865 masana'antu suka yi ta tashi, jirgin ƙasa, ƙarfe, kwal, man fetur. Birnin Shikago a 1850 mutanensa basu wuce dubu 30 ba, amma zuwa 1900 sun kai kusan miliyan 1.7, ka duba wannan tsalle a cikin shekara 50 kacal. Baƙi sama da miliyan 20 suka shiga ƙasar tsakanin 1880 da 1920, daga Italiya, Foland, Rasha da sauransu, ba turanci ba dangi, a cusa iyali guda a ɗaki ɗaya wanda ko taga babu, bayi ɗaya ga gidaje da yawa, tarin fuka da taifot suna ta kwasar yara.

A gefe guda kuma kamfanin Standard Oil na John D. Rockefeller shi kaɗai ya riƙe kusan kashi 90 cikin ɗari na tace man ƙasar. Ƙidayar 1900 ta nuna yara kimanin miliyan 1.75 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin ƙwadago, wasu a masaƙu, wasu a ma'adinan kwal na Pennsylvania suna zaune a sunkuye tun safe har yamma suna tsince duwatsu daga cikin kwal da hannu. Siyasar birane kuwa tana hannun iyayen gida masu raba aiki da kwangila suna karɓar ƙuri'a. Toh a irin wannan yanayin ne mutane suka fara cewa a'a, ba zai yiwu a ci gaba da tafiya haka ba.

Su waye suka ja gaba?

Ba mutum ɗaya bane kuma ba ƙungiya ɗaya bace, amma abinda ke burge ni shine yawan matan da ke ciki alhali a lokacin ko ƙuri'a yawancinsu basu da ita. Jane Addams da ƙawarta Ellen Gates Starr 'yan boko ne masu rufin asiri, a 1889 suka kama wani tsohon gida a unguwar talakawa baƙi a Shikago, gidan da ake kira Hull House, suka tare a ciki. Ba wai su zo da safe su raba sadaka su koma unguwarsu ba, a nan suke kwana a nan suke tashi. Suka buɗe wajen renon yara don iyaye mata masu zuwa aiki, da ajin dare na manya, da wajen wanka, da ɗakin karatu. Da Addams ta ga shara na kashe yaran unguwar sai ta nemi a bata aikin sufeton shara na mazaɓar, aka bata a 1895, ta riƙa tashi da asuba tana bin kekunan kwasar shara don ta tabbatar 'yan kwangila sun yi aikin da aka biya su. Ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. Florence Kelley, wadda itama a gidan ta zauna, ta zama babbar mai duba masana'antu ta jihar Illinois a 1893, tana shiga tana zaƙulo yaran da aka ɓoye a wuraren aiki.

Sai 'yan jaridar bankaɗa. Jacob Riis ya shiga lungunan Niyu Yok da kyamara, ya fitar da hotunan a littafi a 1890, masu kuɗin da basu taɓa taka unguwannin ba suka gani da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Ida Tarbell ta yi shekaru tana bin takardun Standard Oil ɗaya bayan ɗaya tana nuna yadda kamfanin ke haɗa baki da kamfanonin jirgin ƙasa a asirce don karya ƙananan 'yan kasuwa, mahaifinta ma yana cikin waɗanda abin ya shafa, littafinta ya fito a 1904. Upton Sinclair ya yi mako 7 a cikin ma'aikatan mahautan Shikago, ya rubuta littafinsa The Jungle a 1906. Shi niyyarsa a ji tausayin leburori, amma abinda ya tada hankalin jama'a shine jin irin ruɓaɓɓen naman da ake niƙawa ana sa musu a gwangwani, shi da kansa ya ce zuciyar mutane ya auna sai ya samu cikinsu. A shekarar aka yi dokar duba nama da dokar tsaftar abinci da magunguna.

Ana yawan ambaton wata gobara, wace ce?

Gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle ce a Niyu Yok, ranar Asabar 25 ga Maris 1911, ana dab da tashi daga aiki. Masana'antar tana hawa na 8 da na 9 da na 10 na wani dogon bene, ma'aikatan yawanci 'yan mata ne baƙi, Yahudawa da Italiyawa, wasu shekararsu 14. Wuta ta kama a tarin ƙyallaye, waɗanda ke hawa na 9 suka ruga ƙofa suka tarar a kulle, don masu wajen sun saba kulle ta saboda kar a saci kaya ko a fita ba izini. Matakalar gudun gobara ta ƙarfe ta karye da mutane a kanta. 'Yan kwana-kwana suka iso, tsaninsu ya tsaya a hawa na 6. Jama'a na tsaye a titi suna kallo 'yan mata na fitowa ta taga suna faɗowa. Mutum 146 suka mutu. Aka kai masu masana'antar kotu aka wanke su.

A cikin masu kallo a titi akwai wata mata, Frances Perkins. Ta shiga aikin kwamitin binciken da jihar ta kafa, aka yi dokoki sama da 30 kan ƙofofi da gobara da awannin aiki, daga baya a 1933 ta zama ministar ƙwadago, mace ta farko da ta shiga majalisar ministocin Amurka. Duk sanda ka ga ƙofar fita ta gaggawa a wani babban gini an hana kulle ta, ka san da jinin mutane aka sayi wannan dokar.

Jam'iyyar siyasa ce kenan?

A'a. Akwai su a manyan jam'iyyun biyu. A cikin shugabannin ƙasar, Theodore Roosevelt ɗan Rifablikan ne, Woodrow Wilson ɗan Dimokurat, duka ana lissafa su a ciki. An dai yi jam'iyya mai wannan sunan a 1912 lokacin da Roosevelt ya ɓalle ya sake neman shugabanci, ya zo na biyu da kusan kashi 27 cikin ɗari, Wilson ya ci, jam'iyyar bata daɗe ba ta watse.

Toh me suka cimma a zahiri?

Da yawa. Kotun ƙoli ta farfasa Standard Oil zuwa kamfanoni 34 a 1911. A 1913 aka gyara tsarin mulki aka kawo harajin kuɗin shiga, aka kuma maida zaɓen sanatoci hannun jama'a kai tsaye, don a da 'yan majalisar jiha ne ke zaɓensu kuma kuɗi na aiki sosai a wajen. A wannan shekarar aka kafa babban bankin ƙasar. Kotun yara ta farko ta buɗe a Shikago a 1899, aka daina haɗa yaro da manyan masu laifi. Mata suka samu ƙuri'a a duk ƙasar a 1920. An kuma hana giya daga 1920, yunƙurin da mata da yawa suka ja saboda mazan da ke shanye albashi su dawo gida da duka, amma dokar ta gagara aiwatarwa, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙarfi, aka soke ta a 1933.

Maganar aikin yara ce ta fi jan lokaci. An yi doka a 1916, kotun ƙoli ta soke ta a 1918, sai a 1938 aka samu wadda ta zauna. Yaran da wani mai ɗaukar hoto, Lewis Hine, ya ɗauki hotonsu a masaƙu sun riga sun girma kafin dokar ta zo.

Ina makaranta ta shigo cikin wannan labarin?

In ka cire yaro daga masana'anta ai dole ka kai shi wani waje, kuma makarantar da ke akwai a lokacin ba abin alfahari bace. Kujeru a kafe da ƙusa a ƙasa, layi layi, yara 50 ko 60, malama ta faɗa su maimaita, wanda ya motsa ya sha bulala. Dewey, wanda aka haifa a 1859 a Vermont, ya zo Jami'ar Shikago a 1894, ya zama abokin Jane Addams sosai, yana cikin amintattun Hull House, har 'yarsa ya sa wa suna Jane. Tunaninsa shine ba zaka tarbiyyantar da yaro shekara 8 a kan yin shiru da bin umarni ba tare da tambaya ba, sannan ranar da ya girma ka ce ya zo ya zaɓi shugaba ya kuma sa masa ido. In ana son mutanen da zasu iya bincike, su saurari wanda basu yarda da shi ba, su haɗa kai su warware matsala, toh tun a aji zasu fara yi. Wannan shine zuciyar littafinsa Democracy and Education na 1916.

A aikace me yara ke yi a makarantarsa?

Ya buɗe makarantar gwaji a ƙarƙashin jami'ar a Janairun 1896 da yara 16. Ya bada labarin yadda ya zaga shagunan kayan makaranta a Shikago yana neman tebura, wani mai shago ya gane abinda yake nema ya ce masa bamu da shi, kai kana son abinda yara zasu yi aiki a kai, namu duk na sauraro ne.

Yaran suna girki, suna aikin kafinta, suna shuka a lambu, suna saƙa. Amma fa ba sana'a ake koya musu ba, a nan mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Ga misali ɗaya da shi ya kawo. An ba yara auduga da gashin tumaki aka ce su mayar da su zare. Suka zauna cire angurya daga audugar da hannu, minti 30 suna fama, abinda suka samu ko giram 30 bai kai ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana gurza tana shiɓa kafin ta ɗauki mazari ya san wannan wahalar. Sai yaran da kansu suka gane dalilin da yasa kakanninsu suka fi sa kayan ulu a kan na auduga, suka kuma lura zaren audugar gajere ne kuma santsi gare shi, na tumaki kuwa dogo ne yana kama juna. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, a ina auduga ke fitowa, wane yanayi take so, waye ya ƙirƙiro injin gurza, me injin ya canza. Ka ga tarihi ya shigo, labarin ƙasa ya shigo, kimiyya da lissafi sun shigo, kuma yaron ne ke neman amsar don hannunsa ya riga ya ji matsalar. Girki ma haka, awo da rabi da kwata a wajen auna gari ake fara haɗuwa da su, da tambayar me zafi ke yi wa ƙwai.

Makarantar ta kai yara 140 da malamai sama da 20, yawancinsu 'ya'yan malaman jami'a da masu hali. Wannan abin a riƙe shi, zamu dawo kansa. Dewey ya bar Shikago a 1904 bayan saɓani da shugaban jami'ar, ya koma Jami'ar Columbia.

Kenan a bar yaro ya yi abinda ya ga dama, malami ya koma ɗan kallo?

Ko kaɗan, kuma wannan ce fahimtar da ta fi yi wa aƙidar illa. Gaskiya ne wasu makarantu a shekarun 1920 sun tafi can, ba manhaja ba tsari, wai kar a takura wa yaro. Dewey da kansa ya fito ya soke su a littafinsa Experience and Education na 1938, ya nuna ba kowane abu da yaro ya yi bane ilimi, akwai abinda zai yi ya toshe masa hanyar koyo ma, kuma malamin da ya fi yaro sani sannan ya ƙi yi masa jagora ya ci amanar aikinsa. Ka koma misalin audugar nan, malamar da zata ja yara daga angurya har zuwa tarihin masana'antu dole ta san tarihin, ta san kimiyyar, ta san kowane yaro da inda ya tsaya, ta kuma shirya tun kafin su shigo. Wannan hanya ta fi karanta littafi a allo wuya nesa ba kusa ba.

Shi ya ƙirƙiro ta?

A'a, ya tarar da hanya. Rousseau a Faransa, Pestalozzi a Suwizalan, Froebel na Jamus mai makarantar ƙananan yara, duk sun riga shi. A Amurka Francis Parker ya fara irin wannan gyaran a garin Quincy tun 1875. Maria Montessori ta buɗe nata gidan yaran a unguwar talakawa a Rum a 1907, da nata salon daban. Almajirin Dewey, William Kilpatrick, shi ya yaɗa koyo ta hanyar aikin da yara zasu tsara su kammala, a 1918. Dewey ya yi shekara biyu yana lacca a Sin daga 1919 zuwa 1921, Turkiyya ma ta gayyace shi a 1924 ya duba mata tsarin makarantu.

Wasu na cewa dabara ce ta maida 'ya'yan talakawa leburori. Akwai gaskiya a ciki?

Akwai, amma sai an rarrabe. A cikin masu kiran kansu 'yan ci gaba akwai wani ɓangare da abinda ya dame su shine tafiyar da makaranta kamar masana'anta, a auna ƙwaƙwalwar yara da gwaji, irin wanda Lewis Terman ya fitar a 1916, a ware su, wannan jami'a, wannan aikin hannu. Kuma ba sai an faɗa maka 'ya'yan waye ke faɗawa layin aikin hannu ba, 'ya'yan baƙi ne da baƙar fata da talakawa. Abin takaici wannan ɓangaren ne ya fi tasiri a makarantun gwamnati, ba na Dewey ba. Dewey ya yi faɗa da masu son raba makarantar sana'a daban da ta ilimi, don shi a wajensa ɗan attajiri ma ya riƙe zarto, ɗan lebura ma ya karanta tarihi.

Mu ma abin ya taɓa mu. Kwamitin binciken ilimi na gidauniyar Phelps-Stokes ta Amurka da ya zagaya Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921 ya bada shawarar ilimin da wai ya dace da ɗan Afirka, noma da sana'ar hannu da tsafta, an kwaikwayo shi daga makarantun baƙar fata na kudancin Amurka. 'Yan boko na Afirka da yawa sun ƙi shi don sun gane rufi ake son yi musu a ka. Tambayar da zaka yi wa duk wani tsarin aikin hannu a makaranta itace, ƙofa yake buɗe wa yaron ko iyaka yake shata masa, kuma masu tsara shi suna sa nasu 'ya'yan a ciki?

Su 'yan ci gaban basu da laifi ne?

Suna da shi, babba ma, kuma wanda ya ɓoye shi bai yi adalci ba. Yarda da masana da kimiyya ta kai wasunsu ga ganin suna da ikon yanke wa talaka hukunci ba tare da sun tambaye shi ba. Daga nan aka samu aƙidar tace iri, wai a hana waɗanda ake ganin basu da ƙwaƙwalwa haihuwa. Jihar Indiana ta fara doka a 1907, kotun ƙoli ta amince a 1927 a shari'ar wata yarinya Carrie Buck, kuma mutum sama da dubu 60 aka yi wa aikin hana haihuwa dole a Amurka, yawanci talakawa. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Sannan zamanin gyaran nan shine dai zamanin da aka ƙwace wa baƙar fata ƙuri'a a kudu, ana rataye su a bainar jama'a ba shari'a, yawancin farar fata 'yan gyara suka kau da kai. Wilson ma a gwamnatinsa aka raba ma'aikatan tarayya fari daban baƙi daban. Baƙar fata sai da suka yi nasu yaƙin, Ida B. Wells ta riƙa tattara bayanan kashe-kashen tana bugawa har aka lalata mata ofishin jarida a Memphis a 1892, W.E.B. Du Bois da wasu suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP a 1909. A ganina bambancin Jane Addams da masu tace iri a fili yake, ita ta je ta zauna da mutanen tana jin ta bakinsu, su kuwa daga ofis suke kallon talaka a takarda.

An taɓa gwada hanyar koyarwar a ga ko tana aiki?

An yi, kuma sakamakon bai tsaya a gefe ɗaya ba. A shekarun 1930 aka yi binciken shekara 8, makarantun sakandare kusan 30 aka basu dama su bar tsohuwar manhaja, jami'o'i suka yarda su karɓi ɗalibansu. Aka bi ɗalibai 1,475, kowanne an haɗa shi da takwaransa daga makarantar gargajiya, aka ga sun yi daidai ko sun ɗan fi a maki, sun kuma fi shiga harkokin jami'a. Sakamakon ya fito a 1942 ana tsakiyar yaƙin duniya, bai samu kulawar da ta kamace shi ba.

Amma wani babban bincike na gwamnatin Amurka a kan yaran talakawa 'yan firamare, wanda sakamakonsa ya fito a 1977, ya nuna koyarwa kai tsaye, mataki mataki, malami ya nuna yara su gwada a gyara musu, ita ta fi a karatu da lissafi. Maganar koyon karatu ma hujja ta yi ƙarfi cewa yaro na buƙatar a koya masa sautin baƙaƙe da wasula a tsare, ba a barshi ya yi ta cankar kalma ba. Ni dai abinda na ɗauka shine wanda bai san komai ba a fanni yana buƙatar a nuna masa ƙarara, wanda ya samu tushe kuma yana buƙatar matsala ta gaske da zai gwada ilimin a kanta. Kuma ɗan talaka shi ya fi cutuwa in aka ce ya gano da kansa, don ɗan mai hali in makaranta bata koya masa ba gida zai koya masa.

Me ya sa ta ja baya a Amurka?

Suka ta yi yawa bayan yaƙin duniya na biyu, ana cewa makarantu sun yi laushi. Ƙungiyar masu goyon bayan wannan hanyar koyarwa da aka kafa a 1919 ta rushe a 1955, Dewey kuma ya rasu a 1952. Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957 sai hankalin Amurka ya tashi, aka ɗora laifin a kan makarantu, aka zuba kuɗi a lissafi da kimiyya. Amma bata mutu ba, kujerun da ake iya jujjuyawa, aikin rukuni, ɗakin gwaje-gwaje, fita ziyarar gani da ido, duk gadonta ne.

Bata ci karo da addini da hadda ba?

Gaskiyar magana shi Dewey ya taso a coci amma daga baya ya bar addini irin wanda muka sani, yana cikin waɗanda suka sa hannu a wata sanarwa ta 1933 da ta ɗora komai a kan ɗan Adam ba wahayi ba. Falsafarsa cewa komai abin gwaji ne musulmi ba zai haɗiye ta gaba ɗaya ba, kuma ba sai ya haɗiye ba. Da yawa daga 'yan gyaran zamanin kuma addininsu ne ya tura su, limaman coci irin su Walter Rauschenbusch da ya yi aiki a unguwar talakawa a Niyu Yok. Hanyar koyar da awo ta girki ko kimiyya ta shuka bata da wani rikici da imani. Hadda kuma tana da gurbinta, haddar Alƙur'ani ibada ce da manufarta, jadawalin sau ma sai an haddace. Inda matsala take shine a haddace ma'anar narkewar abu a ruwa alhali yaro bai taɓa zuba gishiri a kofi ya lura ba. Maganar tausasa wa ɗalibi ma ba baƙuwa bace a wajenmu, Ibn Khaldun ya yi babi guda a Muƙaddima yana nuna tsanantawa na cutar da mai koyo, tana koya masa ƙarya da ɓoye-ɓoye.

Tana da alaƙa da NEPU ko APC, tunda duk akwai ci gaba a sunansu?

Ba reshe bane, ba kuma daga can aka aiko su ba. NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta taso ne daga halin da talakan Arewa ke ciki a ƙarƙashin En'e da Turawa, haraji da jangali da aikin tilas, kuma Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur sun fi jawo hujjarsu daga koyarwar adalci ta Musulunci da ta masu jihadi. Kamanni dai akwai, musamman batun ƙuri'ar mata da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa, wanda matan Arewa basu samu ba sai a 1976. APC kuwa haɗakar jam'iyyu ce ta 2013, labarinta daban.

Malamin da ke da yara 100 a aji, ba kujeru ba kayan aiki, me zai ɗauka a nan?

Kar a yaudare shi da cewa zai yi irin ta Shikago, can malami ɗaya yara ƙasa da 10 ne a gabansa. Mun ma ga yadda abin ke kasancewa in aka kawo tsari ba shiri, tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da darasin fasaha a ƙaramar sakandare da niyya mai kyau, aka sayo injina, amma a makarantu da yawa ba lantarki ba malamin da ya iya su, suka ruɓe a cikin akwatunansu.

Abinda zai iya ba ya buƙatar inji. Ya koyar da tushe ƙarara, karatu da rubutu da lissafi, kar ya yi wasa da su. Sannan ya nemo inda darasin ke taɓa rayuwar yaran. In awo ne a kawo mudu da tiya da gwangwanin madara a gwada nawa ke cika nawa, in faɗi da tsawo ne a fita da igiya a auna filin makaranta, in tsiro ne kowane rukuni ya shuka wake a gwangwani, wani a rana wani a inuwa, su rubuta abinda suka gani kullum har mako biyu, su yi gardama a kan dalili kafin malam ya faɗa. Ya bar minti 5 a ƙarshen darasi don tambaya, kuma yaron da ya yi tambayar da malam bai san amsarta ba kar a kunyata shi, a ce masa gobe zamu nemo tare, a kuma nemo ɗin. Harshe ma babban abu ne, yaro ba zai yi tunani da gardama a harshen da bai ji ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara firamare shekara 6 da Yarbanci ana basu turanci a matsayin darasi, ya nuna basu koma baya ba har a turancin. In yaran ajinka da Hausa suke tunani, bari su fara bayyana abinda suka gani a gwangwanin waken da Hausa, daga baya a basu kalmomin turancin su rubuta a littafi.